Mashawarcin haraji a Garwa: abin da ya yi mana a rikicin TVA, da inda hidimarsa ta gaza

Wannan sharhi ne a kan hidimar da wani ofishin mashawarcin haraji da ke Garwa, a arewacin Kamaru, ya yi wa shagonmu na kayan gini, a lokacin da saɓani ya shiga tsakaninmu da masu binciken haraji a kan TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kaya da hidimomi. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin zan faɗi alherinsa kuma zan faɗi aibinsa, sannan yawancin abin da na gani a wurinsa abu ne da duk wanda ya nemi irin wannan hidima a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere zai iya cin karo da shi. Tambayar da na auna aikinsu da ita guda ɗaya ce. Doka ta ba ɗan kasuwa 'yancin a ji ta bakinsa kafin a yanke masa abin da zai biya, to shin kuɗin da muka ba wannan ofishi ya sa an ji ta bakinmu da gaske?

Da farko ya kamata a rarrabe tsakanin mashawarcin haraji da akawun da ke cike wa mutum takardun wata-wata, domin 'yan kasuwarmu da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya. Akawu yana riƙe littattafai bisa tsarin lissafi na OHADA, wato ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama ciki har da Kamaru, yana kuma shigar da bayanin TVA kafin ranar 15 ga kowane wata. Shi kuwa mashawarci, sana'arsa ita ce sanin kundin dokokin haraji na ƙasa, musamman ɓangaren da ya tsara yadda ake bincike da yadda ake ƙorafi, kuma ba a shiga wannan sana'a sai da amincewar CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, da rajista a ƙungiyar mashawartan haraji ta Kamaru. A ofishin da nake magana a kai, takardar amincewar tana rataye a bango bayan kujerar mai gidan, wato shugaban ofishin, kuma da na nemi in duba lambarta bai nuna ɓacin rai ba, sai ma ya sa aka sauko da ita. Ofishin ɗakuna biyu ne a saman bene, na farko cike da fayil-fayil na kwali da aka ɗaure da zare, an rubuta sunan kamfani da shekara a gefen kowanne da baƙin alƙalami. Ba wurin burgewa ba ne, amma duk fayil ɗin da aka nema a gabana an ciro shi ba tare da dogon lalube ba.

Wanda bai taɓa riƙe lissafin TVA ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa irin wannan rikici ke karya jari. Kamaru ta fara aiki da wannan haraji a farkon shekarar 1999, kuma adadinsa kashi 19.25 cikin ɗari ne, wato kashi 17.5 na asali da ƙarin kashi goma na wannan adadi domin ƙananan hukumomi. Ba kowane mai shago ne ke karɓar sa ba, sai wanda cinikinsa na shekara ya kai sefa miliyan 50, aka sa shi a rukunin masu biya bisa ainihin ciniki. A ƙa'ida ɗan kasuwa mai karɓa ne kawai: idan ya sari kwano da rodi na sefa miliyan 10, zai biya TVA na sefa 1,925,000 a kai, idan kuma ya sayar da su a kan miliyan 11, zai karɓi 2,117,500 daga masu saye, ya cire abin da ya riga ya biya, ya miƙa wa baitulmali 192,500. Amma idan mai bincike ya ce bai yarda da takardar sarin ba, to cirewar ta faɗi, kuma 1,925,000 ɗin nan ya dawo wuyan ɗan kasuwa, alhali duk ribar da ya ci a cinikin miliyan ɗaya ce. Kafin a zo ga tara ma, an ci ribar an shiga uwar kuɗi.

Abu biyu aka tuhume mu da su. Na farko, an soke cirewar da muka yi a kan wasu takardun sari, waɗansu saboda ba su ɗauke da lambar shaidar mai biyan haraji ta wanda ya sayar mana, wadda ake kira NIU, waɗansu kuma saboda an biya su da tsabar kuɗi, alhali doka ta hana cire TVA a kan cinikin da ya kai sefa 100,000 idan an biya shi hannu da hannu. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, an tattara duk kuɗin da ya shiga asusunmu na banki a shekarun da aka bincika, aka kwatanta shi da cinikin da muka bayyana, aka ɗauki rarar a matsayin cinikin da muka ɓoye, aka lissafa TVA a kanta. Hukuma tana da ikon komawa baya har shekara huɗu, saboda haka adadin da ya fito a ƙasan takardar ya isa ya hana mutum barci.

A nan ne na fara ganin amfanin ofishin. Ranar da na kai musu sanarwar gyaran lissafi, wato takardar da masu binciken suka aiko mana da waɗannan tuhume-tuhume, mai gidan bai fara da duba adadin ba, sai ya juya takardar yana neman ranar da aka sa hannu aka karɓe ta a shago. Yaron shago ne ya karɓa lokacin ina kan hanyar Ngaundere wajen sauke kaya daga jirgin ƙasa, kuma kwanaki sun riga sun fara tafiya tun daga wannan rana. Ya ce mini, “Alhaji, kwana 30 doka ta ba ka ka mayar da amsa a rubuce, kuma idan suka cika ba ka ce komai ba, shirunka amincewa ne.” Ya ɗauki kalanda ya zagaye ranar ƙarshe, ya rubuta ta da jan alƙalami a bangon fayil ɗinmu. Na san 'yan kasuwa masu wayo da dukiya da suka rasa hujjarsu ta wannan ƙofa, domin sun shafe kwanakin suna neman wanda ya san wani, suna zaton magana ta fatar baki za ta tsayar da agogo, har wa'adin ya wuce.

Bayan haka ya bi matakan binciken ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar abin da ni ban ɗauka da muhimmanci ba. Shin an aiko da sanarwar bincike kafin masu binciken su zo? Shin an haɗo ta da ɗan littafin nan da ke bayyana haƙƙoƙin wanda ake bincika? Shin sanarwar ta faɗa a fili cewa muna da damar kiran mashawarci ya tsaya mana, ta kuma ambaci shekarun da harajin da za a duba? Shin takardar gyaran lissafi ta kawo dalilin kowace tuhuma da adadinta, ko kuwa jimla kawai aka jefo? Ya bayyana mini cewa waɗannan ba ado ba ne, domin rashin wasu daga cikinsu yana iya rushe binciken gaba ɗaya. A tamu shari'ar dai bai sami irin wannan giɓi ba, kuma bai yi mini ƙaryar cewa ya samu ba, wanda na ɗauka alama ce mai kyau, domin mai son cin kuɗin mutum da wannan ƙofar zai fara ruɗarsa.

Aikin da ya fi ƙayatar da ni shi ne wanda aka yi a kan asusun banki, kuma gaskiya ba mai gidan ne ya yi shi ba, wani matashin ma'aikacinsa ne da ke jin Fulatanci da Hausa da Faransanci. Ya shimfiɗa takardun bankin a kan dogon tebur, ya ɗora rula a ƙarƙashin kowane layi, yana tambayata asalin kowane kuɗi da ya shigo, yana sa alama da kala uku: ciniki, abin da ba ciniki ba, da abin da ba mu tuna ba. A hankali rarar ta fara bayyana asalinta. Akwai kuɗin da ƙanena ya turo daga Njamena domin ginin gidan mahaifiyarmu, wanda ya bi ta asusun shago saboda a nan ake sayen simintin. Akwai kwasar adashi. Akwai bashin da wani abokin ciniki ya biya, wanda an riga an bayyana cinikinsa an biya harajinsa tun shekarar da aka ba shi kayan. Akwai kuma kuɗin da muka cire daga wannan asusu muka zuba a wancan, wanda aka ƙidaya sau biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka nemo masa shaida, domin faɗa da baki ba ya shiga fayil: takardar turo kuɗi daga Chadi, jerin 'yan adashin da sa hannunsu, da littafinmu na bashi wanda mahaifinmu ya fara da ajami muka ci gaba da boko. Matashin ya ɗauki hoton shafukan, ya yi musu fassara layi-layi, ya sa wa kowane shafi lamba, ya haɗa jadawalin da ke nuna wane kuɗi ne ya dace da wace shaida. Wannan jadawali shi ne ya zama ƙashin bayan amsarmu.

Game da takardun sarin kuwa, sun raba su kashi biyu. Waɗanda suka rasa lambar NIU, an koma wa dillalan da suka sayar mana, a Duwala da nan cikin gari, aka nemi su ba da takardu cikakku tare da shaidar cewa suna cikin jerin masu biyan haraji a lokacin cinikin, kuma mafi yawansu sun bayar, sai ƙalilan da suka yi ta ja mana rai har muka haƙura. Waɗanda aka biya da tsabar kuɗi kuwa, mai gidan ya ce mini kai tsaye babu abin da zai rubuta a kansu. Na yi masa bayanin cewa haka kasuwarmu take, direba ba ya sauke kaya sai ya ga kuɗi a hannu, dillali kuma ba ya jiran banki ya buɗe ranar Litinin. Ya saurara, sannan ya ce, “Alhaji, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma idan muka yi gardama a inda ba mu da hujja, za su daina yarda da mu a inda muke da ita.” A lokacin maganar ta yi mini ɗaci, amma shawara ce ta wanda ya san aikinsa. Inda ya sa ƙarfinsa shi ne a kan tara, domin doka ta bambanta tsakanin wanda ya yi kuskure da kyakkyawar niyya, wanda tararsa kashi 30 ce cikin ɗari, da wanda aka tabbatar da mugun nufinsa, kashi 100, da mai algus da gangan, kashi 150, ban da kuɗin jinkiri na kashi 1.5 a kowane wata. An sa mu a rukuni na biyu, shi kuma ya kafa hujja da cewa duk waɗannan sari suna rubuce a littattafanmu, kayan sun shigo an sayar an bayyana cinikinsu, kuma wanda ke nufin ɓoyewa ba ya rubuta abin da yake ɓoyewa a littafin da zai miƙa wa mai bincike da hannunsa.

Har zuwa nan babu abin da zan ce sai yabo. Inda na fara samun damuwa shi ne zaman da aka yi da masu binciken bayan an shigar da amsar. Mai gidan ne ya nemi zaman, an kuma amince, aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu kujeru. Daga gaisuwa sai magana ta koma Faransanci na doka, mai cike da lambobin sassa da sakin layi, wanda ya fi ƙarfin Faransancin da nake ciniki da shi. Matashin da zai iya fassara mini ba a zo da shi ba. Na zauna ana maganar shagona da ƙanena da littafin mahaifina, ina kama kalma ɗaya ina rasa uku. Da aka zo kan wani kuɗi da ke cikin kalar nan ta uku, ta abin da ba mu tuna ba, ɗaya daga cikin masu binciken ya juyo ya tambaye ni kai tsaye, kuma a daidai lokacin na tuna ko na mene ne, kuɗin wata tsohuwar mota ce da muka sayar. Kafin in haɗa jimlar, mashawarcina ya ɗaga hannu ya ce za mu amsa a rubuce. Daga baya ya ce ya yi haka ne don kada in faɗi abin da za a riƙe a kaina, kuma na san wannan dabara ce da masu sana'arsa ke bi, tana kuma da dalilinta. Amma da ya zauna da ni kafin ranar ya ce ga abin da za a tattauna, ga inda zan yi magana, ga inda zan bar masa, da ban fito daga ɗakin ina jin kamar kaya aka kai ni ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma akwai abin da mai bincike ke gani a fuskar mai shago idan yana ba da labarin kuɗinsa, wanda ba zai gani a wasiƙa ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin shi ne ainihin abin da na je saye. Mu da muka tashi a unguwannin Hausawa mun san wannan ƙa'ida tun kafin mu ji sunan wani kundin haraji, saboda a karatun zaure an koya mana wasiyyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyidina Ali lokacin da ya tura shi Yaman, cewa idan mutum biyu suka zauna a gabansa kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda aka amince da ita a 1981, ta faɗi makamancin haka a sashe na 7, cewa kowa yana da haƙƙin a saurari ƙararsa. Ƙasashe kuma sun bambanta wajen yadda suke zuba wannan ƙa'ida a dokar haraji. A Indiya, inda harajin kaya da hidimomi ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2017, sashe na 75 na dokar ya wajabta a ba mutum damar a saurare shi idan ya nema a rubuce, ko kuma idan ana shirin yanke hukuncin da zai cutar da shi, har ya ƙayyade cewa ba za a ɗage masa zama fiye da sau uku ba, kuma kotunan ƙasar sun sha soke hukunce-hukuncen da aka yanke ba tare da wannan zama ba. A namu tsarin akwai tattaunawa ta baki a lokacin bincike, amma nauyin yana kan rubutu da wa'adi da hatimin karɓa. Wannan shi ya sa mashawarci ya zama dole ga irinmu, shi ne kuma ya sa nauyin da ke kansa ya fi na rubuta wasiƙa: idan shi ne bakinka a gaban hukuma, to wajibi ne ya fara zama kunnenka, kuma a wannan ofishi rubutun ya fi sauraron ƙarfi.

Amsar da hukuma ta mayar ta karɓi mafi yawan bayanin da aka yi a kan asusun banki, ta kuma maido da cirewar takardun da aka gyara, amma ta bar tarar a inda take. Daga nan aka fitar da takardar umarnin biya, wadda kowa ke kira AMR, sai wani sabon wa'adi na kwana 30 ya fara, na shigar da ƙorafi. Ofishin ya tsara ƙorafin yadda doka ta nema, da sa hannu da tambarin haraji, da kwafin takardar umarnin, da bayanin harajin da shekarun da ake jayayya a kansu, da shaidar cewa mun biya ɓangaren da ba mu musa ba, suka kuma haɗa da roƙon a dakatar da karɓar sauran har a yanke hukunci, wanda ba don shi ba da ana iya rufe mana asusu muna tsakiyar jayayya. Wani abu da na lura da shi, kuma ya cancanci a koya daga gare su, shi ne ba sa miƙa takarda ko ɗaya ba tare da sun dawo da kwafinta ɗauke da hatimi da kwanan wata ba. A wannan mataki ne aka sauko da tarar zuwa ta mai kyakkyawar niyya.

Saura wani ɗan ɓangare da har yau nake ganin muna da gaskiya a kansa, kuma a nan ne shawararsu ta bar ni da waswasi. Hanyar a buɗe take: daga matakin farko ana ɗaukaka ƙorafi zuwa ga ministan kuɗi a Yawunde, daga can kuma zuwa kotun gudanarwa, wadda wata doka ta shekarar 2006 ta tanada kuma akwai ta a nan Garwa kamar sauran manyan biranen yankuna. Sai dai kowace ƙofa da kuɗinta, domin kafin a je gaban minista sai an biya kashi 15 cikin ɗari na abin da ake jayayya a kai, a kotu kuma wanda ke son a ci gaba da dakatar da karɓa sai ya ƙara wani kaso, ban da ladan lauya da watannin jira. Mai gidan ya lissafa mini duk wannan ya ce abin da ya rage bai kai wahalar ba. Wataƙila gaskiyarsa ce, amma ya faɗa ne a tsaye, yana shirin tafiya filin jirgi, kuma na so a ce ya zauna ya nuna mini ƙarfin hujjarmu da rauninta ya bar ni in zaɓa. Ya dai yi mini bayani mai amfani a kan roƙon sassauci, cewa ana iya neman a rage tara amma ba a yafe ainihin TVA, tun da kuɗi ne da aka karɓa daga hannun jama'a a madadin baitulmali.

Akwai wani alheri nasu da ba zan tsallake ba. Tun ranar da labarin binciken ya bazu a layinmu, masu cewa sun san hanya suka fara zuwa shago, kowanne da alkawarin cewa idan aka ba shi wani abu zai sa takardar ta ɓace. Da na gaya wa mai gidan, sai ya ce idan na bi wannan hanya in zo in ɗauki fayil ɗina, domin shi ba ya aiki a kan abin da ba zai iya sa hannu a ƙarƙashinsa ba, kuma bashin da ya shiga kwamfutar hukuma ba ya goguwa da alkawarin ɗan tsakani. Wannan tsayuwa tasa ta sa na yafe masa abubuwa da dama.

Sauran aibobin na tafiyar da ofis ne, amma suna ci wa mutum rai. Mai gidan yana yawan tafiya Duwala da Yawunde, inda manyan abokan hulɗarsa suke, kuma idan ba ya gari babu mai ikon yanke shawara, sai a ce a jira. Amsarmu ta farko, wadda aka gama tattara shaidunta da sauran lokaci, ta zauna tana jiran sa hannunsa har sai da wa'adin ya kusa cika, abin da bai dace da mutumin da ya zagaye ranar da jan alƙalami ba. Ba sa kiran mutum su gaya masa inda aka kwana, sai shi ya bi su. Duk wasiƙun da aka rubuta da sunana, ba a karanta mini ko ɗaya da harshen da nake ji sosai ba sai da na nema, kuma ko da na nema, matashin nan ne ya yi mini a gurguje bayan an tashi aiki, don kirkinsa. Batun lada kuma shi ya fi ko'ina duhu. An faɗi wani adadi a farko da baki, na ɗauka na aikin ne gaba ɗaya, ashe na matakin amsa ne kawai, ƙorafi da nasa kuɗin, sannan a ƙarshe aka kawo maganar kaso daga abin da aka rage mana. Ban ce sun cuce ni ba, domin idan aka auna abin da suka karɓa da abin da suka sauke mana daga wuya, cinikin ya yi riba, amma ofishin da ke koya wa mutane cewa abin da ba a rubuta ba babu shi bai kamata ya bar ladansa a fatar baki ba. Takardar kuɗinsu dai ta zo cikakkiya, da lambar NIU da TVA a kai, kuma ta banki muka biya.

Ga wanda cinikinsa bai kai a sa shi cikin masu karɓar TVA ba, irin wannan ofishi ya fi ƙarfin buƙatarsa, kuma shiga ɗaya daga cibiyoyin nan da gwamnati ta amince su riƙa taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa da lissafi zai fi masa sauƙi da araha. Ga mai sari kuwa, wanda kaya ke zuwar masa daga Duwala ko siminti daga Figil, kuma kuɗin iyali da na shago ke bin asusu ɗaya kamar yadda yake a gidajenmu da yawa, ina ba da shawarar ofishin, da sharaɗin ya je tun ranar da sanarwar bincike ta iso, kada ya jira sanarwar gyaran lissafi, domin da mashawarcin yana nan lokacin da masu binciken ke zaune a shago, da rabin abin da aka rubuta a kanmu an warware shi da baki a wurin. Kafin ya miƙa fayil ɗinsa ya nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi ladan kowane mataki da kason ƙarshe idan akwai, ta faɗi wanda zai sa hannu idan mai gidan ba ya gari, ta kuma tanadi cewa za a karanta masa kowace wasiƙa da Hausa ko Fulatanci kafin a shigar da ita, kuma za a zo masa da mai fassara a duk zaman da za a yi da hukuma.